Tambaya da Amsa: Rainon Furen Marigol a Legas

Wasiƙun wannan karon sun fi yawa a kan fure ɗaya, wato marigol, furen nan mai ruwan ɗorawa ko ruwan lemo da ake gani jere a wajen masu sayar da furanni a bakin titi a Ikeja da Ikoyi, mai ganye tsaga-tsaga da ƙamshi mai hawa kai. Danginsu ɗaya da shuwaka da latas. Ba ya shekara: ya tsiro, ya yi fure, ya ba da iri, ya mutu. Kala biyu aka fi samu. Akwai dogo, Tagetes erecta, mai kaiwa santimita 60 zuwa 90, furensa dunƙule kamar curin fura. 'Yan kasuwa na kiransa na Afirka, alhali asalinsa Meksiko. Akwai kuma gajere, Tagetes patula, wanda ake ce wa na Faransa, ba ya wuce santimita 30.

Tambaya: Sau uku ina shuka irin a bokiti. Yana fitowa lafiya, amma bayan kamar mako ɗaya sai in ga tsiron ya kwanta, gindinsa ya tsuke kamar zare. Safe da yamma nake ba shi ruwa, ban taɓa fashi ba. Ko irin ne ba shi da kyau? Daga wata uwargida a Agege.

Amsa: Hajiya, irin da ya tsiro ya fita laifi. Ban-ruwan nan na safe da yamma shi ne ya kashe miki su. Wanda ya tashi a Arewa ya saba da ƙasa mai shanye ruwa da iska mai busar da ita kafin azahar, sai ya kawo wannan hannun Legas, inda ruwan sama na shekara ya kusa ninka na Kano, iskar kanta kuma a jiƙe take. Idan ƙasa ta kwana ta wuni da danshi, ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke cikinta su ke kama ɗan tsiron daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, su ruɓar da wurin. Wanda ya kwanta ba ya tashi, kada ki ɓata kuɗinki a magani.

Ki fara da bokitin. A huda gindinsa wuri biyar ko shida da zazzafar ƙusa, a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya sami hanyar fita. Bokitin da ke zaune daram a kan siminti, ko an huda shi, toshewa yake yi. Ƙasar kuma a haɗa ta: kashi biyu baƙar ƙasar lambu, kashi ɗaya yashin gini mai gautsi, kashi ɗaya takin da ya ruɓe sarai. Ban da yashin bakin teku, gishiri ne da shi. Kashin shanu ana samunsa a wajen mayankar Oko-Oba nan kusa da ke, amma ɗanye ba ya shiga tukunya. Sai ya yi wata biyu zuwa uku a tare, ya yi baƙi, warin ya fita, yana marmashewa a hannu. Tunda wannan ƙasar ta bokitinki ta riga ta kashe tsiro sau uku, ki zubar da ita, ki wanke bokitin da sabulu. Sabuwar da kika haɗa, ki kwarara mata tafasasshen ruwa, ki bar ta ta kwana ta huce kafin shuka.

Irin siriri ne, baƙi, da ɗan farin gashi a kai. A kwantar da shi a rufe da ƙasa kamar rabin santimita, ba fiye ba. Cikin kwana 4 zuwa 7 zai fito. Daga ranar da ya fito yana buƙatar rana da iska. Tsiron da aka ɓoye a lungu yakan yi tsawo ba ƙwari, shi cutar ta fi kayarwa. Ruwa kuwa da safe kawai, shi ma sai kin tsoma yatsa: in gaɓar farko ta fito da danshi, ki bar shi sai gobe.

Bayan mako uku zuwa huɗu, idan ya yi ganye huɗu na gaske ban da 'yan biyun farko, sai dashe, da la'asar sakaliya. Gajere a ba shi tazarar santimita 20 zuwa 25, dogo 35 zuwa 40. A bokitin fenti babba, dogo ɗaya ya isa, gajere uku.

Lokaci ma yana da nasa. Yuni ne watan da ruwa ya fi tsananta a Legas, wanda ya yi rainon iri a fili a lokacin ya yi wa ruwa aiki. Mafi dacewa a shuka a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, furen ya buɗe lokacin da ruwa ke ɗaukewa, ya ratsa hunturu yana ado. In kuma dole sai da damina, a ajiye bokitin ƙarƙashin rumfa inda rana ke shiga amma ruwan indararo ba ya dukansa.

Tambaya: Nawa sun yi kore shar, sun kusa kai mini ƙugu, wata uku ke nan ko toho ɗaya babu. Kashin kaji nake zuba musu duk mako biyu. Daga wani mai gadi a Obalende.

Amsa: Malam, ka ƙosar da su ne har sun manta da abin da ya kawo su. Kashin kaji cike yake da sinadarin da ke sa ganye, irin wanda ke cikin takin yuriya. Alayyafo yana son haka, marigol kuwa in ya samu da yawa sai ya yi ta ganye ya ƙi fure. Ka tsayar da takin gaba ɗaya. Abin da ke cikin ƙasar ya ishe su har su mutu. Ga mai sabuwar shuka a tukunya, ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a wata ya wadatar, a barbaɗa a gefen tukunyar nesa da kara, a bi da ruwa.

Sai ka duba rana. Gidajen Obalende a matse suke, katanga da bene suna tare hasken. Wannan fure yana son rana ta same shi kai tsaye aƙalla awa shida. In wurin ba ya samun haka, ko ba taki ba zai yi abin kirki ba, sai dai a matsar da shi. Ka kuma sani dogo ba ya gaggawa, yakan ɗauki mako 10 zuwa 12 daga shuka, gajere kuwa mako 6 zuwa 8.

Dabara ɗaya da masu lambu ke yi: idan tsiron ya kai santimita 15, a tsinke kansa da farce a saman ganye. Zai yi jinkirin kamar mako ɗaya, amma ya fito da rassa da yawa, kowane reshe da furensa, kuma iskar hadari ba ta karya shi da sauƙi. Furen da ya fara yaushi a riƙa cire shi da ɗan karansa, don in aka bar shi ya ƙulla iri, shukar takan ɗauka ta gama aiki.

Tambaya: Ina noman tumatir da kuɓewa a wani fili a Ikorodu. Shukar tana yaushi da rana ko da ƙasa a jiƙe, in na tuge sai in ga saiwar duk ƙulu-ƙulu. An ce in dasa marigol a bakin kunya zai magance. Gaskiya ne? Daga wani manomin lambu.

Amsa: Da gaskiya a ciki, amma ba yadda aka gaya maka ba. Ƙulu-ƙulun nan aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, suna shiga saiwa su zauna, wurin ya kumbura, ruwa da abinci su kasa hawa. Sun fi son ƙasa mai yashi da ɗumi, shi ya sa suke damun masu lambu a wannan yankin. Tumatir, kuɓewa, barkono da gauta duk abincinsu ne. Kada a haɗa su da 'yan ƙulun da ke jikin saiwar wake da gyaɗa. Waɗancan masu amfani ne, kuma da yatsa ake gogewa su faɗi, na cutar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Saiwar marigol tana da wani sinadari mai guba ga tsutsar. Takan shiga, amma ba ta iya hayayyafa a ciki, sai yawanta ya ragu. To amma saiwa inda ta kai nan aikinta ya tsaya. Gindi goma a bakin kunya ado ne kawai. Abin da ke aiki shi ne ka ware fangalin da cutar ta fi ci, ka cika shi da marigol zalla, gajeren ya fi, tazarar santimita 15 zuwa 20, ka bar shi aƙalla wata biyu cur. Ka riƙa cire ciyawa, domin tsutsar tana fakewa a saiwar ciyayi da yawa ta jira. Bayan nan ka sare, ka kafce shi cikin ƙasa, ka ba shi mako biyu ya ruɓe, sannan ka dasa tumatir. Sauƙin na shuka ɗaya ne, daga nan tsutsar ta sake taruwa, don haka a riƙa zagayawa da shi fangali bayan fangali. Saiwar tumatir ɗin da ka tuge kuma a ƙone ta, kada ta shiga tarin taki.

Tambaya: Da dare wani abu yake cinye mini ganyen, da safe sai kara. Manyan furannin kuma suna baƙi suna ruɓewa. Daga wata ɗaliba a Idi-Araba.

Amsa: Ki duba ko akwai wani sawu mai sheƙi a jikin tukunyar. In akwai, dodon koɗi ne, yana matuƙar son marigol. Ki fita da tocila bayan isha ki tsince su, ki ɗaga tukwane da katakan da suke ɓuya ƙarƙashi. Toka a kewayen gindi tana ɗan tare su muddin a bushe take. Gishiri yana kashe su, amma kada ya taɓa ƙasar shukar.

Ruɓewar fure ta dogo ce, furensa cunkushe yake, yana riƙe ruwa kamar soso. A yanke wanda ya kamu a jefar nesa, a daina watsa ruwa ta sama, a zuba a gindi. Da damina gajere mai falle ɗaya ya fi jurewa.

Da hunturu kuma abokin gaba daban ne: wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari a bayan ganye, masu saƙa kamar yanar gizo, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari ya bushe. A wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi, sannan a fesa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, da yamma, duk kwana biyar har sau uku.

Tambaya: Na ɗebi iri daga wani babban fure na shuka, sai ya fito ƙanana, kalar ma ta bambanta. Daga wani mai karatu a Mile 12.

Amsa: Uwar furen aure aka yi mata, wato iri biyu aka haɗa aka same ta. Duk fakitin da ka ga an rubuta F1, alamar irin da aka yi wa aure, 'ya'yansa ba sa gado yadda ake so, sai dai a sake saye. Na gida da aka saba yaɗawa shi ake ajiye irinsa. A bar furen ya bushe a jikin shukar har kwanson gindinsa ya zama ruwan ƙasa, a cire da rana ba da raɓa ba, a ɓare, a shanya a inuwa mako guda. A zuba a ambulan na takarda, a sa a kwalba mai murfi. Wanda aka ƙulle a leda da sauran danshi, a iskar Legas, fumfuna yake yi.

Tambaya: Wai yana korar sauro? Kuma kaji za su iya ci? Daga wata uwargida a Alaba Rago.

Amsa: Tukunyar fure a bakin taga ba ta hana sauro shiga, Hajiya, kada a ajiye gidan sauro saboda ita. Ki ma lura da farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya, ruwan da ke kwanciya a ciki nan sauron ke ƙyanƙyasa. Batun kaji kuwa, furen dogo ana nomansa takanas a wasu ƙasashe don a haɗa a abincinsu, yana sa gwaiduwar ƙwai ta yi ruwan ɗorawa sosai. Ki tsige falle-fallen furen ki busar a inuwa, ki marmasa ɗan kaɗan cikin dusa, amma ban da wanda aka saya a bakin titi, don ba ki san maganin ƙwarin da aka fesa masa ba.