Wa ake farauta: aljani, shaiɗan ko dodo?

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto: "Malam, na karanta wani littafin matasa na Amurka, inda samari da 'yan mata 'yan shekara 15 zuwa 17 ke yawo da takubba a birnin New York suna kashe miyagun halittun da sauran jama'a ba sa gani. Ina rubuta irinsa da Hausa, labarin a Kano. Na sa masa suna Mafarautan Aljanu, sai yayana ya ce sunan bai zauna ba. Wa ke da gaskiya?"

'Yata, yayanki ya fi ki kusa da gaskiya.

Aljani aro ne daga Larabci, saiwarsa kuma tana nufin ɓoyewa. Daga ita aka sami Aljanna da majanuni. Shi ya sa tsofaffi da ba sa son kama suna kan ce "mutanen ɓoye". Kalmar ba ta ɗauke da mugunta. A Suratul Jinni, sura ta 72, su da bakinsu suka ce a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Bahaushe ya san aljani Musulmi, ya san kafiri, har rauhani ya sani. Idan yaranki suka fita kashe aljanu kawai, mai karatu zai tambaya, laifin me suka yi?

Abin da littafin Amurkan ke nufi halitta ce da ba ta da gefen alheri ko kaɗan. Shaiɗan ne ya fi kusa da wannan, jam'insa shaiɗanu. Sai dai ki lura, a bakinmu shaiɗan mai zuga ne da waswasi, ba a cika suranta shi da farce da haƙora ba. Ana ce wa yaro mai ƙiriniya shaiɗani ma. In ƙarfin tsiya kike so, ga ifiritu, wanda aka ambata a Suratun Namli cikin labarin Annabi Sulaimanu. In abin da ke haɗiye mutum ne, wannan dodo ne, amma ya daɗe a tatsuniya har ya zama abin tsorata yara su yi barci. Fatalwa ta mamaci ce. Maye kuwa mutum ne, kurwa yake kamawa.

Iskoki ki yi hattara da su. Kalmarmu ce ta asali, ta girmi zuwan Musulunci, kuma na bori suna da sunaye da halaye: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Kuturu, Inna, da birninsu Jangare. 'Yan bori lallaɓa su suke yi da garaya da kirari, wanda suka hau a kira shi doki ko goɗiya.

Farautar ce ma ta fi ba ni matsala. Ana farautar abin da za a bi sawunsa da karnuka a saɓo gida. Hausa na cewa mutum ya yi gamo, aljani ya shafe shi, iska ta buge shi. Malami kuma ya yi ruƙiyya ya cire, ko ya ƙona. Ni da zan zaɓa, Masu Yaƙar Shaiɗanu zan ce. Ki kuma kai yaran inda aka san ana gamo: gindin tsamiya da tsakar rana, juji da almuru, kangon da aka daina shiga.

Ta ƙara da cewa: "Mene ne asalin 'aljani ya taka wuta'?"

Rabinsa kika kawo. Cikakkensa shi ne "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta." Daɗin maganar yana nan: Suratur Rahman ta ce da harshen wuta aka halicci aljan, to ga ɗan wuta ya taka wuta ya ji a jikinsa. Ana faɗa idan hatsabibin da ya addabi kowa ya haɗu da wanda ya fi shi. 'Yan zamani sun gutsure shi suna faɗa wa duk wanda ya shiga uku, ko da ɗan acaɓa ne a hannun jami'an hanya. A littafinki, wurinsa shi ne ranar da babban shaiɗanin ya fara gudu daga yarinyar da ya raina, kuma bakin wata tsohuwa ya fi dacewa da shi.