Hukuncin direban da ya kashe mutum yana duba waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Direba ne yana karanta saƙo a waya, ya banke mai tafiya a ƙasa, mutumin ya rasu. Wasu na cewa ƙaddara ce, babu komai a kansa. Haka ne? Kuma hukuncinsa ɗaya ne da na wanda ya yi tuƙi a buge?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa mai sakaci alhaki. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuyar da kai daƙiƙa 4 yana karanta saƙo ya shafe mita 100 bai ga hanya ba, kuma in ya ɗago sai ya ƙara kusan daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai birki. Wannan sakaci ne, Annabi (SAW) kuwa ya ce babu cuta, babu cutarwa.

Tunda bai nufi kisa ba, kisan kuskure ne, hukuncinsa na cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92. Akwai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000, wadda danginsa na wajen uba za su biya cikin shekara uku, sai fa in magada sun yafe. Sannan kaffara a kansa shi kaɗai: azumin wata biyu a jere, tunda babu bawan da za a 'yanta. Yafewar magada ba ta kayar da kaffara, nan ne mutane da yawa ke kuskure. In rai biyu aka rasa, kaffara biyu ce.

Mashayi kuwa laifinsa biyu ne, domin shan giya shi kansa haramun ne ko bai taɓa sitiyari ba (Ma'ida, aya ta 90). Giya tana jinkirta taka birki, tana rage ganin gefen hanya, mutum ya kasa auna tazarar da ke tsakaninsa da motar gaba, ga shi yana jin ya fi kowa iya tuƙi. Shan kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa fitar da ita, hanta ce ke narkar da ita sannu a hankali cikin awoyi. Maye ba uzuri ba ne, za a kama shi da ran da ya salwantar, hukuma kuma ta yi masa haddin shan giya. Wallahu a'alam.