Me ya haɗa maganin ciwon gwiwa da gyambon ciki?

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita ya ce ƙwayoyin ciwon gwiwar da yake sha ne suka sa gyambon cikinsa ya zubar da jini, ke kuma kin rasa gane abin da ya haɗa gwiwa da tumbi. Na daɗe ina aikin jinya a nan Kaduna, kuma irin wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, musamman a tsakanin dattawa da masu aikin ƙarfi, irin maƙeran Panteka da 'yan dakon Kasuwar Barci, waɗanda kullum yamma sai sun biya kemis an ƙulla musu haɗi a leda.

Tumbi yana tsatso ruwa mai tsami da zai iya narkar da nama, amma shi bai narke ba. Majinar da ta lulluɓe bangonsa tana taimakawa, sai dai babban mai tsaron shi ne jini. Jinin da ke bi ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin bangon shi ke kawo sinadarin baikabonet mai kashe tsami, ya kwashe wanda ya ratso ciki, ya kawo iskar oksijin da kayan gyaran wurin da ya ƙuje.

Abin da ke buɗe jijiyoyin nan wata iska ce, naitirik oksayid. Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin jijiya su ke haɗa ta daga sinadarin ajinin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Sai ta ratsa zuwa tsokar da ta zagaye jijiyar, tsokar ta saki, jijiya ta faɗaɗa, jini ya ƙaru, kamar yadda ruwa ke ɓarkewa idan mutum ya ɗaga ƙafa daga kan tiyo. Daƙiƙu kaɗan take yi ta ɓace, shi ya sa jiki ba ya daina haɗa ta. Gano wannan aiki nata ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

To, ba ita kaɗai ke aikin ba, tana da abokin tafiya, furostagilandin, wani sinadari da jiki ke haɗawa wanda ke kare bangon tumbi, amma kuma yana da hannu wajen kumburi da jin ciwo. Su dikilofenak da ibufurofin da asfirin suna rage ciwo ne ta hanyar hana jiki haɗa furostagilandin ɗin, a gwiwa da a tumbi baki ɗaya. Sai nauyi ya koma kan naitirik oksayid. A nan ne dattawa ke shiga uku, domin tsufa da ciwon suga da hawan jini da shan taba duk suna raunana jijiya wajen haɗa ta. Matashi zai iya shan maganin ya sha da ƙyar, Baba kuwa ba shi da wannan rarar. Na taɓa karɓar wani dattijo da tafin hannunsa ya yi fari fat, iyalinsa suna ta ba shi jiƙon shawara, alhali kwana da kwanaki bahayarsa baƙi ne ƙirin mai danƙo. Jini ne ke tsiyaya a ciki. Wallahi abin yana ci mini rai, domin da an kawo shi da wuri da bai kai ga ƙarin jini ba.

Ganye irin alayyafo da latas na da sinadarin naitiret, wanda ƙwayoyin cutar baki masu amfani ke juyawa, ya isa tumbi ya zama naitirik oksayid. Ki riƙa sa masa a miya, amma ba zai warkar da gyambo ba, kuma kada ki kashe kuɗi kan ƙwayoyin ƙarin naitirik oksayid da ake tallatawa a Facebook.

Ki kwashe duk ledojin maganin da ke ɗakinsa ki kai wa likita, har na gargajiya. Ki nemi a gwada shi ko yana da ƙwayar cutar H. pylori, domin ita ma babbar sila ce ta gyambo, kuma idan ta haɗu da waɗannan magunguna haɗarin ya fi tsanani. Ki tambaya ko farasitamol ko na shafawa zai wadatar wa gwiwar. In kuwa yana shan asfirin da likitan zuciya ya rubuta masa, kada ya daina sai likitan ya sani.