Curin yumɓu ya manne wa sanda mai juyawa: ina lissafin ya kuskure?

Tambaya: Malam, an ba mu sanda mai kilogiram 3, tsawonta mita 1, kwance a kan tebur mai santsi, an kafe bakinta ɗaya da ƙusa yadda za ta iya juyawa. Curin yumɓu mai rabin kilogiram ya taho da gudun mita 6 a sakan, ya bugi ɗaya bakin a gicciye, ya manne. Na yi aiki da dokar adana momentom kamar a karon motoci biyu, na samu mita 0.86 a sakan, aka ce ba haka ba ne. Ina na ɓata?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙusar ce ka manta da ita. Momentom na miƙe, wato nauyi sau gudu, ba ya canzawa ne kawai idan babu wani ƙarfi daga waje da ya sa hannu. A nan kuwa, cikin ƙiftawar idon da yumɓun ya sauka, ƙusar tana yi wa sandar ture mai ƙarfi, kai kuma ba ka san girmansa ba. Sannan ka ɗauka duk jikin sandar gudu ɗaya yake yi, alhali bakin da ke ƙusa ko motsi ba ya yi.

Mafita ita ce ka auna komai daga kan ƙusar. Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfi sau nisansa daga wurin juyi. Nisan ƙusa daga kanta sifili ne, don haka komai turen da ta yi ba ta murɗa sandar. Abin da ke zama yadda yake ke nan shi ne momentom na juyi.

Kafin karo, yumɓun na da nasa ko da yake ba juyawa yake yi ba: nauyi sau gudu sau nisa, 0.5 × 6 × 1 = 3. Bayan karo sai ka nemi nauyin juyi, wato I. Na sandar da aka kafe a baki shi ne ML²/3 (M nauyin sandar, L tsawonta), ya ba da 1. Na yumɓun mr² ne (m nauyinsa, r nisansa daga ƙusa), 0.5. Jimla 1.5. Raba 3 da 1.5, sandar tana juyawa da radiyan 2 a sakan (radiyan ma'aunin kusurwa ne).

Yanzu duba abin da ƙusar ta yi, nan ne abin sha'awar yake. Gudun kowane wuri shi ne juyin sau nisansa daga ƙusa, don haka yumɓun na gudun mita 2 a sakan, momentom ɗinsa na miƙe 1. Tsakiyar sandar na gudun mita 1, nata 3. Jimla 4, alhali da 3 aka fara. Ƙarin nan daga ƙusar ya fito: bugun ya so ya mai da bakin da aka kafe baya, ita kuwa ta tura shi gaba.

Kada ka nemi mafaka a makamashin motsi. A ma'aunin makamashi, wato jul, 9 ne kafin karo, bayansa ½ × 1.5 × 2² = jul 3. Sauran 6 sun tafi a zafi da lotsewar yumɓun da ɗan ƙara.

Wurare biyu ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Wasu na ɗauko ML²/12, wanda na sandar da ke juyawa a tsakiyarta ne. Wasu kuma, idan yumɓun ya zo a karkace, sai su saka gudun gaba ɗaya, alhali kason da ke gicciye da sandar kaɗai ke shiga lissafi. Sauran yana ƙarewa ne a kan ƙusar.

Akwai wuri ɗaya da dokokin biyu, ta momentom na miƙe da ta na juyi, ke yin daidai. Bari yumɓun ya bugi sandar a kashi biyu cikin uku na tsawonta daga ƙusa. Momentom na juyi 2 ne, I ya zama 1.22, juyin kuma radiyan 1.64 a sakan. Haɗa momentom na miƙe, za ka tarar 3 ne cif, ƙusar ba ta ji komai ba. Shi ya sa idan ka riƙe sanda a baki ka buga abu da wannan gurbin, hannunka ba ya jin girgiza, amma ka buga da can ƙarshenta sai ka ji tana neman fizgewa daga tafinka.