Hukuncin Ɗaukar Hoton Tsofaffin Motoci, Jirage da Namun Daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin makaranta ne a Zariya, mahaifina kuma tsohon ma'aikacin reluwe ne. A ranakun hutu ina ɗaukar hoton tsofaffin taragai, da motoci irin su Peugeot 404 da Bedford, da ƙananan jiragen da ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suke shawagi da su. Da hunturu nakan je Yankari ko Dagona saboda giwaye da tsuntsaye, wani lokaci ina ba yara 'yan kuɗi su jefi tsuntsayen su tashi, ko su ɗauko 'ya'yan daga sheƙa domin uwar ta matso. Abokina ya ce duk haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, hoton mota da tarago da jirgin sama halal ne, domin ba su da rai, kuma fatawar Ibn Abbas ga mai zane a kan haka sananniya ce.

Saɓani yana kan hoton mai rai da aka ɗauka da kyamara. Abokinka bai ƙirƙiro maganarsa ba, ra'ayi ne na manyan malamai irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Albani, Allah ya jiƙansu, waɗanda suka shigar da hoton kyamara cikin hadisan da suka yi narko ga masu sura, wato masu zana ko sassaƙa siffar mai rai, ba su halatta shi ba sai da lalura kamar fasfo. Ina girmama su, amma hujjarsu ba ta rinjaya a wurina ba. Hadisan da kansu sun ambaci dalilin hanin, wato kwaikwayon halittar Allah, shi ya sa za a ce wa masu sura ranar alƙiyama su raya abin da suka halitta. Mai sassaƙa da mai zane su suke tsara ido da hanci da hannunsu, kai kuwa da ka saita kyamara a kan giwa ba ka tsara mata haure ko kunne ba, hasken da ya tashi daga jikinta na'urar ta kama, kamar yadda madubi yake yi. Wannan ita ce fatawar Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, kuma Shaihu Ibn Usaimin ya buga misali da wasiƙar da aka sa a injin kwafi: babu mai cewa rubutun na wanda ya danna injin ne. In aka ce hoton madubi yana gushewa, na kyamara kuwa yana tabbata, sai mu ce narkon yana kan aikin tsara siffa ne, tabbatar abu ba ta mayar da wanda bai tsara ba mai tsarawa. In aka ce Larabawan yau suna kiransa sura, sai mu ce hukunci yana bin haƙiƙar abu, sunan da mutane suka laƙaba masa bayan ƙarni goma sha uku ba ya shigar da shi cikin nassi. Mu ma kalmar hoto aro muka yi daga Turanci da na'urar ta zo. Ko da mun sallama cewa sura ce, mazhabar Malikiyya da aka ginu a kanta a ƙasar nan ta taƙaita haramci ga siffar mai rai cikakkiya mai inuwa, wato mutum-mutumi, wadda ba ta da inuwa kuwa iyakarta karhanci, kamar yadda Shaihu Dardir ya fayyace. Saboda haka kada abokinka ya yi maka kallon fasiƙi, kai ma kada ka yi masa kallon mai tsanani. Hoton dabbobin dai ka bar su a waya ko a kundi, kada ka rataye su a falo, domin fita daga saɓani a kan hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai sura a cikinsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali shi ne haramun a cikin aikinka. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana karkaɗa fikafikai, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Hoton da kake nema na uwar tana kewaya ka, shi ne ainihin halin da Annabi ya ƙi. Jifan ma haka yake, domin da yawa daga tsuntsayen dausayin Haɗeja da Nguru, inda Dagona take, sun ƙetaro Sahara ne daga Turai, suna hutawa suna tara ƙarfin komawa, ga shi dutse yana iya karya fiffike. Kuma kana koya wa 'ya'yan mutane cewa cutar da dabba hanyar samun kuɗi ce. Ka tuba, ka daina, ka riƙa sammako ka zauna nesa ka jira, in ka samu hali ka sayi gilashin kyamara mai janyo nesa kusa.

Kada ka tsaya a kan layin dogo don jirgi ya fito da kyau, domin jirgin ƙasa ba ya tsayawa nan take. Inda hukuma ta hana hoto, kamar sansanin soja da wasu sassan tasha da filin jirgi, bin dokar wajibi ne, musamman a wannan hali na rashin tsaro. Ka nemi izinin mai mota, ka rufe lambarta kafin ka yaɗa, ka kawar da kyamara daga matan mutane a tasha, kuma kada jiran hasken safiya ya ci maka sallar asuba.

Ban sani ba ko mahaifinka yana raye. In yana nan, ka kai masa hotunan taragan nan ya ba ka labarin aikinsa da na layin da ya isa Kano tun 1911, ka rubuta abin da ya faɗa. Zaman da za ka yi da shi biyayya ce da za a ba ka lada a kanta. Wallahu a'alam.