Littafin Ya Burge Ni, Amma Ya Ɓata Min Rai

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce daga Tudun Wada, Gombe. An ba mu littafin George Orwell mai suna 1984 a darasin adabi. Cikin kwana huɗu na gama shi a gindin bishiyar mainar gidanmu. Ya kama ni sosai, amma ƙarshensa ya ƙona min rai: bayan duk azabar da Winston, wanda labarin ke kansa, ya sha, sai ga shi yana son Big Brother, shugaban hukumar da ta azabtar da shi. Ko ni ce ban gane ba?

AMSA: Kin gane sarai, 'yata. Da gangan marubucin ya yi haka. Orwell ya rubuta littafin a tsibirin Jura na Sukotland yana fama da tarin fuka. Littafin ya fito a 1949, shi kuma ya rasu a Janairun 1950. Ba jarumi ya yi niyyar ba ki ba. Ki duba aikin Winston: gyara tsoffin jaridu don jiya ta dace da abin da hukuma ta faɗa yau. Nan ne ƙashin bayan labarin.

Ni ma, gaskiya, dogon babin nan da Winston ke karanta littafin Goldstein, babban maƙiyin hukumar, sai da na yi ta gyangyaɗi a kansa. A amsar jarrabawa ki rubuta duka biyun, abin da ya burge ki da abin da ya sosa miki rai, ki kawo shafukan da suka jawo hakan.