Amsa kan hoton ƙuri'ar jin ra'ayi na zaɓen majalisar jiha a Jamus

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ga hoton da ka turo, mai nuna jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta sha gaban sauran jam'iyyu da maki biyu a wata jihar gabashin Jamus, na kuma ji tambayarka, wai yaya za a yi mutum dubu su yi magana da yawun mutum miliyan biyu. Amma ni abin da na fahimta kake son ji shi ne ko ta ci zaɓe ke nan. To ba ta ci ba tukuna, maki biyu kuma ba tazara ba ce. Bari ka ji dalili.

Batun mutum dubu ɗin ma shi ne mai sauƙi. Mai sayen masara a Dawanau ba ya zazzage buhu duka. Hannu yake zurawa can ciki ya damƙo, don ya san na baki an gyara shi. Muddin hatsin a gauraye yake, damƙa ɗaya ta isa, ko buhu ɗaya ne ko tirela. Lissafin kuwa sananne ne. In ka tambayi mutum 1,000 da aka zaɓo ba da son rai ba, jam'iyyar da ke wajen kashi 30 cikin ɗari za ta iya hawa ko sauka da maki kusan uku. Mai kashi 5 kuma, maki ɗaya da rabi. In kana son rage kuskuren ya koma rabi, ninki huɗu za ka tambaya, wato mutum 4,000, shi ya sa ba kowa ke iya biyan kuɗin ba. Sannan in tazarar jam'iyyu biyu kake aunawa, kuskuren ya fi haka, yana kai maki huɗu da rabi, saboda kowacce da nata rawar. To ina maki biyu a nan?

Kuma wannan duk a takarda ne fa, in buhun a gauraye yake. Ba ya taɓa gaurayuwa daidai. Kamfanoni irin su Infratest dimap mai yi wa tashar ARD aiki, da Forschungsgruppe Wahlen mai yi wa ZDF, tambaya guda suke yi: da a ce ranar Lahadi mai zuwa za a yi zaɓe, wa za ka zaɓa? Ka lura, Lahadi mai zuwa aka ce. Suna kiran waya, yanzu kuma suna haɗawa da intanet. Matsalar zaɓen jiha ita ce lambar salula a Jamus ba ta nuna garin mai ita, wayar gida ce ke nunawa, masu ɗaga wayar gida kuwa yawanci dattawa ne. Da yawa ma kashe kiran suke yi. Sai a dawo a daidaita: in matasa sun yi ƙaranci cikin waɗanda suka amsa, a ƙara wa amsar kowane matashi nauyi, haka jinsi, haka matakin karatu. Wasu har sukan tambayi wa ka zaɓa a zaɓen baya su daidaita da shi, mutane kuwa suna mantawa, ko su ce wanda ya ci suka zaɓa. Bayan nan a cire waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba da waɗanda ba za su fita ba. Ka ga dubun nan ta ragu ke nan.

Yauwa, misalin da kullum nake ba ku, na san kun gaji da shi, zaɓen jihar Saksoni-Anhalt, 6 ga Yuni 2021. Ana saura 'yan kwanaki, kamfanin INSA ya nuna jam'iyyun CDU da AfD kan-kan-kan, maki ɗaya tsakani. Jaridu suka yi ta kururuwa. Da aka ƙirga, CDU ta samu kashi 37.1, AfD 20.8. Maki sha shida da ɗoriya! Ba ƙarya masu binciken suka shirga ba, kodayake... a'a, bari in gyara, sun yi kuskure, babba ma, har waɗanda suka fi kusa ba su hango CDU za ta kai nan ba. Amma wani ɓangare na kuskuren, ita kanta ƙuri'ar jin ra'ayin ce ta haife shi. Magoya bayan jam'iyyun SPD da Die Linke da ta 'yan kare muhalli sun ga alƙaluman, suka tsorata kada AfD ta zo ta ɗaya, suka toshe hanci suka dangwala wa Reiner Haseloff na CDU, wanda a lokacin yake kan kujerar shugaban gwamnatin jihar tun 2011. Duba abin da ya rage musu: Die Linke 11.0, SPD 8.4, 'yan kare muhalli 5.9. Mutumin da ya ce maka SPD ranar Talata bai yi maka ƙarya ba, ranar Lahadi ya sake lissafi. Yaya za ka auna wannan? Kuma ba sau ɗaya ba ne, a jihar Brandenburg cikin Satumba 2024 AfD ce ta daɗe a gaba, shugaban gwamnatin jihar, Dietmar Woidke na SPD, ya ce in SPD ba ta zo ta ɗaya ba zai sauka, aka tashi SPD 30.9, AfD 29.2.

To ga inda mutanenmu ke ruɗewa, muna kallon abin da idon zaɓen gwamna. Can ba a zaɓen shugaban gwamnatin jiha kai tsaye, majalisa ce ke zaɓensa. Ƙuri'a biyu kake jefawa a yawancin jihohi, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓa, ɗaya ta jam'iyya, ta jam'iyyar ce ke raba kujeru, ita ce kuma kake gani a hoton nan. A Turingiya, 1 ga Satumba 2024, AfD ta zo ta ɗaya da kashi 32.8, kujeru 32 cikin 88, amma Mario Voigt na CDU ne ya hau, bayan ya haɗa kai da BSW da SPD, don babu mai yarda ya yi ƙawance da AfD.

Saboda haka ni in aka ba ni irin wannan hoton, ƙasa nake fara dubawa, wajen ƙananan jam'iyyu. Dokar ita ce sai jam'iyya ta kai kashi 5 za ta shiga majalisa, ban da 'yan togaciya a wasu jihohi. Wadda ta gaza, ƙuri'unta sun bi ruwa, manya su rabe kujerun. A Saarland a 2022, ƙuri'a 23 kacal 'yan kare muhalli suka rasa, suka tsaya a waje, SPD da kashi 43.5 ta kafa gwamnati ita kaɗai. Ƙuri'a 23, Malam. Babu kamfanin da zai gano maka wannan da mutum dubu, ko dubu goma. In ka ga an rubuta wa jam'iyya 4 ko 5 ko 6, karanta shi a matsayin ba a sani ba.

Abin da ke ba ni haushi kuma, don Allah jama'a ku daina yanke gindin hoton nan kafin ku turo. A nan ƙasa ake rubuta sunan kamfani, wanda ya biya kuɗin aikin, yawan mutanen da aka tambaya, da kwanakin da aka yi tambayar. Kwanakin tambaya fa, ba ranar bugawa ba. Kuma kada ka gwada alƙaluman INSA na yau da na Infratest na makon jiya ka ce jam'iyya ta tashi, mudunsu ba ɗaya ba ne. Kamfani guda za ka bi sau uku ko huɗu a jere. Wannan na Facebook kuwa da ake cewa danna nan ka zaɓa, ba ma zan shiga ba.

Af, da hasashen da ake sanarwa ƙarfe shida na yamma ranar zaɓe, shi daban ne, waɗanda suka fito daga rumfa ake ba takarda su cike a asirce, mutum dubbai, ya fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, sai dai masu jefawa ta gidan waya ba sa ciki, su ƙiyasi ake yi. Malam, in kana da cikakken hoton sake turo shi, mu ga na wane kamfani ne da kuma wace rana.